Babin Ƙarshe a Cikin Takaba

Ni dai tunda nake ban taɓa samun labari a zaune ba. A zaune nake zuba shi a takarda, wannan gaskiya ne, amma a ƙafa yake zuwa min. Shekara talatin da ɗaya ina rubuta wa wata mujallar mata ta Karachi dogayen labarai masu fita babi-babi duk wata, kuma kowane babi a bakin rafin ban ruwa na unguwarmu, nan Multan, na tsinto shi, tsakanin gadar ƙarfe da lambun mangwaro. Masu karatu sukan aiko wasiƙa suna tambaya wai Farkhanda Irshad a wane irin ɗaki take rubutu, da wane irin alƙalami. Dariya kawai nake yi. Da sun ga dugadugan takalmina da sun daina tambaya.

Mijina ne ya koya min, Irshad Sahib. Malamin motsa jiki ne a sakandaren maza, kuma a samartakarsa ɗan tsere ne, har yanzu kofunansa uku na gwangwani suna saman kabad sun yi tsatsa. Muna sabon aure ya dawo daga gudunsa na asuba ya tarar na tasa takarda a gaba ina tauna murfin biro, kwana huɗu ke nan ban ƙara ko harafi ba. Ya tsaya yana share gumi ya ce, "Ke, zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Gobe ki tashi mu tafi." Washegari muka fita. Daga ranar bai sake gudu ba, ya mayar da shi tafiya saboda ni, kuma bai taɓa yi min gori a kai ba sai in mun yi faɗa.

Tsarinmu ɗaya ne, ko zafi ko sanyi. Da an sallame asuba sai mu ɗauki hanya, mu je lambu mu dawo gada, sau uku. A zuwan farko ba mai cewa uffan. A na biyu bakina yake buɗewa, in fara ba shi abin da zai faru a babin wannan wata, ina faɗa ina gyarawa, wani lokacin ina masifa da mutanen labarin da ƙarfi har masu keken madara su waiwayo. Shi kuwa bai taɓa karanta ko shafi ɗaya nawa ba. Cewa yake labaran mata ciwon kai suke sa shi. Amma ina da ma'aunina. Akwai tsofaffin abokansa biyar da suke zama a kan wani benci a tsakiyar hanyar, su Master Latif da Shaikh Anwar mai kantin yadi. In labarina ya yi lami, Irshad Sahib sai ya tsaya ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gwiwar wannan, ya tambayi ciwon sukarin wancan, ni ina gefe ina cika ina batsewa. In kuwa labarin ya kama shi, sai ya wuce su fuu kamar bai taɓa ganinsu ba. Har suka laƙaba masa suna mai gaisuwar ganin dama.

Wani aikin nasa kuma shi ne riƙo. In jimla ta zo min mai kyau, wadda na san in na ci gaba da magana za ta zube, sai in ce, "Riƙe min wannan." Ya maimaita sau ɗaya ya adana. Muna isa gida, kafin ya fita sayo kindirmon karin kumallo, sai ya tsaya a ƙofar ɗaki ya zazzage min su da muryar nan tasa ta filin wasa, kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Maganar soyayya ma haka yake karanto ta. Har bakwai yana iya riƙewa.

Ranar uku ga Maris muka dawo, ya ba ni jimloli huɗu, ya zauna a kujerar tsakar gida zai cire takalmi. Ni ina ciki ina rubutu. Da na ji shirun ya yi yawa na leƙo in ce masa kindirmon fa, na tarar ya cire na dama, na hagu yana ƙafarsa, kansa ya jingina da bango. Ko kira bai yi ba. Har gobe ina jin ciwon wannan, a ce mutum ya tafi ina taku goma daga gare shi, ina can ina neman kalmar da ta dace da launin labule.

'Yarmu Mahwish ta zo daga Dubai, ta yi kwana goma ta koma wa 'ya'yanta. Wadda ta zauna ita ce Apa Zubaida, yayar Irshad Sahib. Ta taho daga Khanewal da akwatin ƙarfe da dardumarta, ta ce ba za ta bar matar ƙaninta ta yi takaba ita kaɗai ba. Shekararta saba'in da huɗu, gajeriya ce, ga murya kamar ta mutum biyu. Tana da shekara ashirin da tara mijinta ya rasu, ta yi nata wata huɗu da kwana goman a ɗakin da ba taga, ko sararin sama ba ta kalla ba, kuma takan faɗi wannan yadda wasu suke faɗin shekarar da suka je Hajji. Ta kafa min doka tun ranar farko. Ba zuwa ƙofar gida, ba leƙa tagar titi, ba ɗaga waya in namiji ne ya kira, ko mai kawo tukunyar gas ne ya shigo sai in shige ɗaki in ja labule. Kar dai in ɗauki alhakinta. Ita take min girki, ita take shafa min mai a ka, in na ƙi cin abinci ta tasa ni gaba da paratha, gurasarmu mai mai, kamar 'yar yaye har sai na cinye. A gidan nan duka muryarta ce kaɗai ta rage bayan tawa.

Labarin da nake kai a lokacin ya kai babi ashirin da uku, saura ɗaya. Wata mata ce, Sitara, mijinta ya tafi neman kuɗi ƙasashen Larabawa ya yi shekara ashirin ba aike ba wasiƙa, ta reni 'ya'ya uku da keken ɗinki, sai ga shi ya dawo ya tsaya a ƙofa yana ƙwanƙwasawa. A nan na ashirin da ukun ya tsaya. Shekara biyu mata daga Peshawar har Hyderabad suna bin Sitara, kuma ni da na haife ta ban san ko za ta buɗe ba. Da ma a bakin rafi nake sa ran in ji.

Na gwada zama. Na yi kwana ashirin a gaban tebur, abin da na samu shi ne ciwon baya da takardu cike da sunan Sitara an rubuta an soke. Na gwada zirga-zirga a barandar ciki, taku goma sha ɗaya, bango, in juyo, taku goma sha ɗaya, firiji. Wanda bai sani ba zai ce ai tafiya tafiya ce. Ina! Tunani miƙaƙƙiyar hanya yake so. Da ya fara ɗumi sai bango ya tare ki, ki juya, ya tsinke, ki koma farko. Apa kuma tana zaune a gadon igiya da carbi tana bina da ido, hagu, dama, hagu, har ta ce don Allah in nemi wuri in zauna, jiri nake sa mata.

Sai na koma saman soro. Da safe da yamma ba dama, maƙwabta maza suna sama suna tashin tattabarunsu, kuma ko inuwata suka hango Apa za ta ce takaba ta ɓaci. Lokaci ɗaya ne ba za ki ga ɗa namiji a saman soro ba a duk faɗin Multan, wato tsakar rana a watan Mayu. Wanda ya san garinmu ya san abin da nake nufi, hankaka ma inuwa yake nema. In Apa ta kwanta ƙailula sai in jiƙa mayafi in ɗora a ka in hau. Taku goma sha bakwai ne daga tankin ruwa zuwa eriya. Siminti yana gasa ni ta cikin takalmi, gari ya yi fari fat, ya yi tsit, ba motsin kowa, sai ni kaɗai ina kai da kawo ina ba tanki labari. Ban taɓa jin kaɗaici irin na saman soron nan ba, ko ranar da aka fita da gawarsa, don ran nan akwai mutane. Kwana tara ina hawa ban samo komai ba. A na goma na sauko haɓo ya ɓata min gaban riga. Apa ta gani, ta yi salati, ta danna wa ƙofar benen kwaɗo, ta rataya makullin a wuyanta.

Mujalla ta yi min kara wata biyu, suna buga 'yar sanarwa cewa marubuciya tana cikin rashi. Ranar da na cika kwana ɗari da huɗu Riffat ta kira, editar da muka yi shekara ashirin muna aiki tare ba mu taɓa ganin juna ba sai a hoto, wadda take kirana Baji, wato Yaya. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi zafi, ta tambayi ɗauke wuta, ta tambayi ko mangwaro ya nuna, sannan ta sauka a kan maganar. Mai mujallar ya ce fitowar Yuli dole ta ɗauki ƙarshen Sitara. Wasiƙu sun fara canza murya, wasu matan ma sun koma sayen ta abokan gasa. In babin bai iso cikin kwana tara ba, akwai wata a ofis mai saurin hannu, ta karanta duka ashirin da ukun, ita za ta ƙarasa, a buga da sunana.

"Kwana ashirin da shida ya rage min, Riffat."

"Na faɗa masa, Baji. Wallahi na faɗa masa. Cewa ya yi injin buga takarda ba ya takaba."

Na tambaye ta me mai saurin hannun za ta yi da Sitara. Ta ce ai har matar ta kawo samfuri. Sitara ta buɗe ƙofa, mijin ya zube a ƙafafunta, aka yi kuka shafi shida, aka rufe da bikin 'yarsu. Na ce mata sai an jima, na ajiye wayar. Matar da ta kwashe shekara ashirin tana taka keken ɗinki ba ta taɓa bari maƙwabciya ta ga hawayenta ba, ita za a sa kukan shafi shida kamar wadda aka matsa wa albasa a ido? Kuma a ce ni na yi?

Da yamma na samu Apa tana tsintar shinkafa a tire. Na kawo maganar a hankali. Na ce na ji malamai da yawa sun ce mai takaba tana iya fita da rana in da lalura, in dai za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Awa ɗaya kacal nake nema, da sassafe, a rufe ruf. Ba ta ɗago ba. Ta ce lalura ita ce asibiti, ko wadda ba ta da mai sayo mata garin alkama. Na ce ai wannan ɗin aikina ne, sana'ata ce.

"Labarin ƙarya ne lalura?" ta ce, tana ture wani ɗan dutse gefe da yatsa. "Ƙanina ya bar gudunsa ya bi ki a hankali shekara talatin, ana yi masa dariya ana ce masa mijin-ta-ce. Ke kwana ashirin da shida ne ba za ki iya zauna masa ba?"

Na tashi na shige ɗaki. Wallahi har yau ban samo amsar wannan maganar ba.

Kwana shida ina juya maganar. Na san Sitara matar takarda ce, ban haukace ba. Amma mu uku muke fita bakin rafin nan shekara biyu, ni da shi da ita, kuma ita kaɗai ta rage min. Babi ashirin da uku ya saurara da kunnensa, har ranar da Sitara ta sayar da awarwaronta don ta biya wa ɗanta makaranta ya wuce su Master Latif sau shida bai gaishe su ba. In bari wata da ba ta taɓa jin ƙanshin rafin nan ba ta rufe abin da ya saurara? In kuma na fita, Apa ta yi gaskiya, na kasa zauna masa. Duk inda na juya shi nake ci wa amana.

Apa takan koma barci bayan asuba, awa guda cur, da minsharinta. Ranar ɗari da goma na jira minsharin ya daidaita, na zare burƙarta daga ƙusa, don ni ban taɓa mallakar burƙa ba, mayafi nake yafawa. Ban yi lissafin tsawo ba. Apa iya kafaɗata take, burƙar ta tsaya min a ƙauri. Ƙafata kuma da kanta ta shige takalmin da ta saba. Kambas ne ruwan lemo, mai kashe ido, Irshad Sahib ya sayo mana iri ɗaya, nasa da nawa, saboda an karya farashinsu tunda ba mai hankalin da ya yarda ya saya. Duk bakin rafi ba mai irinsu sai mu. Na rufe fuska, na rufe hannu, na bar sunana a ƙafa, kuma ban lura ba sai da na yi nisa.

Iskar safiya ta buge ni har sai da na dafa bango. Ruwa ya cika rafin, launin shayi da madara, ɓaunaye suna kwance a gefe sai hancinsu a waje, ƙanshin nunannen mangwaro ya cika ko'ina. Kwana ɗari da goma ba wasa ba. Na fara takawa. Ban jima ba na hango bencin, da mutum biyar a kai.

Master Latif ne ya fara ganina. Ya kalli burƙar, bai damu ba, sannan idonsa ya sauka ƙasa. Na ga kofin shayinsa ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Ya ajiye shi, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, ya miƙe ya juya ya fuskanci ruwa. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka miƙe suka juya, hannuwa a baya, suna duban rafin kamar an jefa wani abu a ciki. Shaikh Anwar da sandarsa shi ya fi daɗewa kafin ya gama juyawa, na rage tafiya na jira shi. Na gane abin da suka yi. Namijin da ba muharrami ba bai kamata ya ga mai takaba ba, to su ba su ga kowa ba. In an tambaye su gobe za su iya dafa littafi su rantse.

Na wuce ta bayansu. Ba sallama, ba gaisuwa, hirarsu ma ta ɗauke sai da na yi nisa na ji ta dawo. Mutunci ne suka yi min, mafi girma da suke da shi, na sani. Amma Allah ya sani na so ɗayansu ya yi kuskure ya waiwayo ya ce min ya haƙuri. Ba wanda ya yi kuskuren. Duk wucewar da na yi sai sun miƙe, tsofaffi biyar masu ciwon gwiwa, sun ba ni baya.

Zuwan farko ba komai, kamar kullum. Da na juyo daga gada karo na biyu, ina cewa a raina na zubar da mutuncina a banza, sai kawai ya zo. Ba sallama ba neman izini, kamar famfon da aka manta a buɗe aka dawo da ruwa. Sitara ta buɗe ƙofar. Ta ga wani tsoho da 'yar jaka, haƙoransa biyu sun zube, ya rina gashi rinin ya fara kaɗewa. Ta ba shi ruwa. Ta zuba masa abinci, ya ci yana ta bayani ba ta ji. Ta zauna tana laluben fushin nan da ta ajiye masa shekara ashirin, wanda shi yake tashinta kowace asuba, shi yake juya mata keken ɗinki, ta laluba ko'ina ba ta same shi ba. Wannan dai tsohon wasu ne da yake jin yunwa. Sai ta yi kuka, layi biyu ba shafi shida ba, kuma ba shi take wa kukan ba. Fushin take wa, don ba ta san me zai tashe ta gobe ba.

Jimlolin suka fara zuwa a shirye, kowace da kanta da ƙafarta. Wata ta zo da ta sa tsigar jikina ta tashi, na juya hagu na ce, "Riƙe min wannan." Da ƙarfi na faɗa. Bishiyar turare ce a wurin, da wani kare a kwance.

Na riƙe da kaina. Ɗaya, biyu, biyar. Ni ban iya ba, ba aikina ba ne, in na kama ta shida sai ta biyu ta nemi sulalewa. Da suka kai tara ina can ƙarshen lambu, tafiyar kusan rabin awa daga gida a takunmu na da, ba biro ba takarda, don shekara talatin ban taɓa buƙatarsu a hanya ba. Sai na tattare bakin burƙa na zura da gudu. Mace mai shekara hamsin da takwas, a cikin takaba, a burƙar aro, ƙirjina kamar zai fashe, ina gudu ina bitar jimloli a ƙarƙashin niƙabi kamar wanda aka aika kanti yana tsoron mance saƙo. Na wuce bencin a guje. Sun ji ƙarar ƙafata, na ga wuyan Shaikh Anwar ya motsa, amma bai juyo ba.

A bakin lungunmu na tsaya ina haki, kuma a nan abin ya same ni. Wata uku ina tsoron ba zan iya ba in ba shi. To ga shi na iya. Babin ya zo cikakke, ya fi duk ashirin da ukun, ya zo da wuri ma fiye da yadda ya saba, kuma bai tambayi inda Irshad Sahib yake ba. Da na je na dawo hannu wofi da na fi samun sauƙi, da sai in ce ai shi ne, ya tafi da abin. Ashe hanyar ce, da ƙafata. Shi rakiya yake min, shekara talatin da ɗaya, don kawai yana so.

Na tura ƙofa. Apa tana zaune a gadon igiya, ta juyo shi ya fuskanci ƙofar, akwatin ƙarfenta a ɗaure a gefe, darduma a naɗe a kai. Ta dube ni daga niƙabi har takalmi, ƙurar bakin rafi ta yi musu fari.

"Kin samo?"

Na ce na samo.

"To ba ni burƙata."

Na san Apa. Da na durƙusa a lokacin na kama gwiwarta, na yi kuka, na ce shaiɗan ne, da ta zage ni tas har azahar sannan ta kwance akwatin ta ɗora shayi. Jira ma take, na gani a idonta, ba ta miƙe ba. Amma jimloli tara ne a bakina, ta huɗu ta fara narkewa, kuma na san in na buɗe baki na fara roƙo ba wadda za ta tsira. Na cire burƙar na ninke na ɗora mata a cinya. Na wuce ɗaki na zauna a tebur.

Ina rubutu ina jin komai. Na ji ta jima a zaune. Na ji jan akwati a siminti, a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Na ji ta buɗe ƙofa ta kira mai riksho, keken haya mai ƙafa uku, da muryar nan tata, suka yi ciniki zuwa tashar mota, ya shigo ya ɗauki akwatin. Ta sake jimawa a tsakar gida. Ina tsakiyar inda Sitara take miƙa wa tsohon ruwa, na ce bari in kai aya in tashi. Kafin in kai ayar ƙofa ta rufu.

Da la'asar na gama, shafi talatin da huɗu. Na ɗauki hotunansu da waya na tura wa Riffat. Bayan awa ɗaya ta kira, ta ce Baji ba ki taɓa rubuta irin wannan ba. Na ce na gode. Na ajiye waya na zauna, gidan ba motsi sai fanka.

Sauran kwana ashirin ɗin a ciki na yi su. Ban je ƙofa ba, ban leƙa taga ba, mai gas ya ƙwanƙwasa na ƙi amsawa, na koma dafa shayi a risho. Ba mai tsarona, ba wanda zai sani, na dai yi. Na kira Khanewal sau goma sha ɗaya. Surukar Apa ce take ɗagawa, kullum Apa tana salla.

A danginsu, ranar da takaba ta cika, babbar mace daga dangin miji ce take zuwa da sassafe da sabon mayafi mai launi, ta yafa wa matar, ta kama hannunta ta tsallakar da ita bakin ƙofa. Na yi wanka tun asuba, na sa kaya masu tsabta, na dafa shayi mai yawa da madara yadda take so, na zauna a tsakar gida. Motar farko daga Khanewal ƙarfe bakwai take isowa, ta biyu tara. Na jira har ta sha ɗaya. Shayin ya yi sanyi na ɗumama, ya sake yin sanyi.

Na tashi na buɗe ƙofar da kaina, na tsaya a bakinta. Rana ta riga ta take, ba kowa a lungun, lokacin tafiya ya wuce.